Fam Ɗaya a Hanyar Wisbech

Shida saura kwata ina tsaye a King's Lynn,
sanyi ya shige mini safa ya zauna kamar mai biyan haya.
Bas ta iso tana huci,
ta durƙusa mini a bakin titi kamar raƙumin da ya san ubangijinsa.

Dermot ne a sitiyari, jan gemu, ido bai gama tashi ba.
Na ɗora kati, na'ura ta yi ɗan kuka,
ta gatsi fam uku.
Dā biyu take ci ta goge baki.

Na san mafarin zancen.
Gwamnati ce ta dafa kan kuɗin mota,
ta ce nan za ka tsaya, cikon ni zan ba kamfani.
Ranar da labari ya zo mana
na wanke gwangwanin madara na aje bisa firji,
duk abin da hanya ta bar mini, nan yake kwana.
Ƙarshen wata in zazzage shi a kan darduma,
ya zama maganin hawan jinin Inna a Malumfashi,
wani watan har da kuɗin jarrabawar Lawwali.

To, an ɗaga hannun kaɗan.
Ba a janye ba, an dai ɗaga.
Fam ɗaya, in ji mai magana a rediyo,
da muryar wanda bai taɓa jiran mota cikin ruwa ba.
Ɗaya zuwa, ɗaya dawowa,
kwana biyar, mako huɗu.
Ni ban yi nisa a lissafi ba,
amma gwangwani ya iya, ya daina nauyi.

Tallafi.
Na baro kalmar nan a gida tana ta da jijiyar wuya a gidan mai,
sai ga ta nan ta riga ni sauka,
ta sa kwat, ta ɗaura ɗamarar wuya,
ana ja mata wa'adi kamar bashi.

Muna ratsa gonakin kabeji, ƙasa shimfiɗe ba tudu,
Maureen na gefena da jakar saƙa.
Tana da katin tsofaffi, amma ba ya aiki sai hantsi,
mijinta kuwa da safe yake gane fuskarta.
Don haka ita ma ta biya.
Ta ba ni alewar na'ana'a, ba mu ce komai ba.

A gidan kula da tsofaffi, ɗaki na tara,
dattijo Pickering ya miƙo mini hannu in sa masa riga.
Ya ce, kin san harajina ne ke kawo ki?
Shekara arba'in ina zuba musu.
Na ce haka ne, ranka ya daɗe,
na ci gaba da ɓalla maɓalli.
Ban gaya masa ana yankar nawa tun kafin in gan shi ba.
Ban ce in bas ta fi ƙarfina
wa zai nemo masa haƙoransa a ƙarƙashin matashi ba.
Ya yi ta dubana, can ya ce,
to su ƙara zubawa, kada ki makara.

Da yamma allon tasha ya ce minti bakwai,
ya sake cewa bakwai,
sannan ya yi shiru abinsa.
Araha ba ta ado, na sani,
amma ai sai mota ta zo ake zancen kuɗinta.

Ta zo dai, takwas ta gota.
Na isa ɗaki, ban cire takalmi ba,
na laluba aljihu, sulalla biyu ƙanana,
na jefa su a gwangwani.
Ƙarar ta yi yawa.
Dā ba ya amsawa haka.